Tafin hannun yaro: a POP za ki ɗauka, ko yumɓu, ko kwaɓin gishiri?

A tsakar gidanmu na Tudun Wada, nan Gusau, akwai sawun ƙafa ɗaya a jikin daɓen siminti, dab da bakin rijiya. Na ƙanena ne. Ranar da aka yi daɓen ya kuɓuce wa mai riƙonsa ya bi ta kai da gudu, magini ya yi ta faɗa, ya shafe sawu biyu ya manta na ukun. Yau mai sawun yana da gemu da 'ya'ya uku, amma duk baƙon da ya zauna a tsakar gidan nan sai an nuna masa. Daga nan sha'awar abin ta shige ni. Da Allah ya ba ni nawa yaran sai na ce ba zan jira tsautsayi ya ajiye mini ba, da gangan zan riƙa ɗaukar tafin hannunsu lokaci-lokaci. Shekara tara ke nan ina yi, kuma duk hanyar da zan ambata a nan na taɓa ta da hannuna, wata ta yi kyau, wata ta ƙare a bola.

Za ki ce ai ga waya, ga hoto. Haka ne, sai dai hoto ba ya nuna girma. Jariri a hoto yana iya cika fuskar waya kamar wani ƙato, amma tafin da aka ɗauka, in kika ɗora babban yatsanki a tsakiyarsa ya kusa rufe shi, nan ne za ki tuna yadda yake da gaske. Balle wayoyi nawa suka faɗa ruwa ko suka bi ɓarawo da hotunan suna a cikinsu.

Siminti mu sallame shi tun daga ƙofa. Ɗanyen siminti yana cin fata, ki dubi hannun lebura mai kwaɓa ki gani, balle fatar jariri. Farin siminti ma haka yake, kuma shi ne abin lura, domin wasu na rikita shi da POP saboda launinsu ɗaya. Ƙanena sa'a ya yi, an wanke masa ƙafa nan take.

Abin da yawancin mutane ke fara kawowa a rai shi ne POP, farar hodar nan da ake adon silin da ita. Ita ce dai ake ɗaure karaya da ita a asibiti, kuma yawancin allin makarantar boko da ita ake yi. Asalinta dutsen jifsam ne, irin wanda ake samu a yankin Dange da Shuni a jihar Sakkwato. Ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 150 har mafi yawan ruwan da ke jikinsa ya fita, sannan a niƙa. Sunanta na Turanci ma, Plaster of Paris, wanda aka taƙaita zuwa POP, daga birnin Faris na Faransa ya samo asali, inda aka daɗe ana haƙar dutsen. To da zarar kin haɗa ta da ruwa sai ta fara komawa dutsen da take a da, kuma tana komawar tana fitar da zafi. In siririya ce a faranti, ɗumi kawai za ki ji in kin taɓa. In kuwa ta yi yawa a wuri ɗaya, kamar a bokiti, zafin na iya kaiwa digiri 60, ga shi kuma ta riga ta kama abin da ke cikinta gam. A 2007 a Ingila wata ɗaliba 'yar shekara 16 ta tsoma hannayenta a bokitin POP a ajin zane don ta ɗauki siffarsu, ta daskare da hannayen a ciki, aka rasa yadda za a yi a zare su da wuri, ƙunar ta sa ta rasa yawancin yatsunta. Saboda haka maganar a nutsar da hannun yaro cikin POP a jira ta kama, babu ita. Ko babba bai kamata ya gwada ba.

Abin da ake iya yi kai tsaye shi ne danna tafi a sama-sama. Ki zuba kwaɓin a faranti ko murfin robar fenti da kika shafa wa mai, kaurinsa kamar faɗin yatsa biyu, ki jira ya yi kauri kamar tuwon da aka tuƙa bai gama ɗaurewa ba, ki shafa wa yaron man gyaɗa a tafi, ki danna, ki ƙirga biyar, ki ɗaga, a wanke hannun nan take. A baki abu ne mai sauƙi. Matsalar ita ce lokacin da kwaɓin ke karɓar hannu ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. In kin yi gaggawa, kina ɗaga hannun ramin zai rufe kamar kin taɓa kunu. In kin yi jinkiri da minti biyu, sai dai ki ga ɗan alamar yatsu sama-sama. A watan Afrilu kuwa, lokacin da Gusau ke kai digiri 40, ruwan famfo ma da ɗuminsa yake fitowa, kuma ruwan ɗumi yana gaggauta kamawar POP, kafin ki lallaso yaron daga bayan ƙofa an gama. Da ruwan randa ake kwaɓawa a irin wannan lokaci. Ni dai ban ga amfanin wannan hanya ga yaron da bai kai shekara huɗu ba, wanda ba za ki ce masa buɗe hannu ya buɗe ba, kar ka sa a baki ya ji.

Duk da haka ba za a raina POP ba. Tana fitar da zanen tafi har da 'yan layukan gaɓoɓin yatsu, ba ta motsewa in ta bushe, gara da ɓera ba ruwansu da ita. Kuma ba sai kin sayi buhu ba, duk inda ake aikin silin a unguwa in aka yi magana da masu aikin za su auna miki rabin tiya, wanda zai ishe ki yara uku har da na gwaji. Ki tabbata dai sabuwa ce. Hodar da ta kwana biyu a buɗe ta sha iskar damina takan yi gudaji, in an kwaɓa ta ƙi kamawa ko ta kama tana marmashewa, don haka ki fara gwada cokali biyu a murfin kwalba. Aibinta kuma sananne ne: in ta faɗi ta fashe, ba ta shiri da ruwa, farce ma yana kankare ta. Wani da ya fashe mini, kafin in dawo daga kicin yara sun raba gutsattsarin suna rubutu da shi a bango.

Kwaɓin fulawa da gishiri shi ne na biyu, kuma shi na fi so da farko. Kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, ruwa kusan kofi 1, a murza har ya daina kama hannu. Komai yana kicin, ba zafi, ba gaggawa. In yaro ya motsa ya ɓata, ki dunƙule ki sake shimfiɗawa, ko sau goma ne. Na yi wa ta biyun nawa a watan Janairu, hunturu ya busar da shi cikin kwanaki kaɗan ya yi tauri kamar ƙashi, na huda na rataye a ɗaki ina ta yaba kaina. Ashe ban yi lissafin Agusta ba. Duk mai girki ta san yadda gishiri ke jiƙewa a robarsa in damina ta yi nisa, to haka ya yi a jikin bangon. Ya fara laushi, ramin ƙusa ya yage, ya faɗo bayan gado ban sani ba, da na gano shi ya yi furfura, ɓera kuma ya ɗauki rabonsa daga wajen ƙaramin yatsa. Masu cewa a gasa shi a wuta kaɗan-kaɗan sannan a shafe shi da fanis suna da gaskiya, yana ƙara masa kwana, amma in wutar ta ɗan yi yawa yakan kumbura ya shafe zanen tafin, kuma ko ƙaramar kafa fanis ɗin ya bari, danshi zai shiga ta nan. Ga shi kuma yana kama da abin ci. Gishirin da ke cikinsa ya yi wa ɗan ƙaramin yaro yawa in ya gutsura ya haɗiye, haka ma akuya. In wasa ake so da yara ranar Asabar, ba shi da na biyu. In abin da za ki nuna wa yaro ranar aurensa kike nema, ba shi ba ne.

Sai yumɓu, wanda shi ne namu na gado. A taɓawa babu abin da ya kai shi daɗi: sanyi gare shi, ba ya gaggawa, yana karɓar zanen fata fiye da kwaɓin fulawa nesa ba kusa ba. In kuma aka gasa shi, ya wuce duk sauran a ƙarko. Duk kufan da kika je, ganuwa ta zube, ɗakuna sun baje, abin da za ki tarar a ƙasa tsingaro ne. Amma gasawar ce aiki. Sai kin san maginiyar tukwane da za ta yarda ta sa miki faifan yumɓun da kika danna tafin a kai cikin nata kayan ranar da za ta yi gashi, kuma kafin nan sai ya bushe sarai a inuwa, sannu a hankali, mako biyu ko fiye. In hunturu ya buge shi kai tsaye ya tsage tun kafin ya ga wuta, shi ya sa ake lulluɓe shi da tsumma mai ɗan danshi kwanakin farko. In kuma da sauran ruwa a cikinsa aka sa shi a wuta, fashewa zai yi, wataƙila ma ya ja wa tukwanen mutane. Na kai huɗu, biyu suka dawo lafiya. Akwai kuma wani abu da ban lura da shi ba sai da na jera su: yumɓu yana motsewa in ya bushe ya sha wuta, yakan kai kusan kashi 1 cikin 10, gwargwadon irin ƙasar. Wato tafin da zai dawo miki ya fi na yaron ƙanƙanta. Ga mai son ado ba komai, amma ga mai son ta jera na wata shida da na shekara biyu ta ga yadda hannu ya ƙaru, awon ya riga ya karkace.

Mu a Zamfara akwai tambayar da dole a yi kafin a ɗora hannun yaro a kan kowace ƙasa: daga ina aka ɗebo ta? Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya kuma aka gano Bagega ma abin ya yi tsanani. Dutsen zinariya ake kawowa gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Dalma ba ta da wari, ba a ganinta a ƙasa, wanki ko gashi ba sa fitar da ita daga yumɓu. Don haka ƙasar da ta fito daga wurin da ake haƙa, ko inda ake niƙa dutse ko wanke shi, ko kududdufin da ruwan wankin ke gangarawa, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa. Ki saya wurin maginiyar da kika sani, wadda za ta faɗa miki fadamar da take ɗiba. Tunda ana maganar dalma, in za ki yi wa abin launi ki guji fentin mai na gini, domin wasu daga cikinsu na ɗauke da ita. Fentin ruwa na 'yan makaranta ya wadatar.

Hanyar da na tsaya a kanta yanzu haɗi ce, kuma ita nake ba kowa shawara: yaro ya danna hannu a abu mai laushi da ba ya kamawa, bayan ya tafi wasansa ke kuma ki zuba POP a cikin ramin. Hannunsa bai taɓa POP ba ko kaɗan, ke kuma kin samu kyanta. Ki shimfiɗa yumɓu mai tsabta a gindin kwano ko roba, kaurin yatsa biyu, ki lailaye samansa da bayan cokali. In ba ki natsu da yumɓun da ke kusa da ke ba, kwaɓin fulawar nan da ya ba ni kunya a bango a nan yana da rana, ki dai ƙara masa cokalin mai ki kuma shafa wa samansa kaɗan. Ki danna tafin, ki bi kowane yatsa ki ɗan taushe shi, ki ɗaga hannun sama tsaye ba tare da ja ba. In bai yi ba ki sake. In ya yi, a wanke wa yaro hannu a fitar da shi daga wurin, saboda ƙurar hodar. Awo biyu na POP, awo ɗaya na ruwa, kuma hodar ake barbaɗawa a kan ruwa, ba ruwa ake zubawa a kan hoda ba. Ki juya a hankali kar iska ta shiga, ki fara zuba kaɗan ya bi ramukan yatsu, ki bubbuga gefen kwanon kumfa ya taso, sannan ki cika. Tun da ɗanyenta ki nutsa ɗan yankin bandeji ko zaren da masu silin ke sakawa don ƙarfi, da lanƙwasasshiyar waya in ratayewa za ki yi. Bayan kamar awa ɗaya, in ɗumin ya zo ya wuce, ki kife ki ɓare yumɓun. Abin da zai fito ba rami ba ne, tafin ne da kansa ya taso, da tudunsa da kwarinsa. Ki bar shi ya sha iska kwana biyu zuwa uku, da damina ya fi haka, sannan ki shafe shi da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa. Jan yumɓu yakan bar ɗan launi a cikin layukan, wasu na gogewa da tsohon burushi, ni bari nake yi don shi ke fito da zanen. Ragowar kwaɓin kuma kar a zuba a makwarara, can zai daskare ya toshe ta. A bar shi ya bushe a roba a ɓamɓare.

Akwai wata hanya da ake yawan gani a bidiyon waya, inda ake fitar da hannu sukutum har wuyan hannu, da farce da komai. Wannan ba POP ake tsoma hannun ciki ba, ko da yake ga mai kallo sun yi kama, kuma wannan kamannin ne ke jefa mutane cikin haɗarin da na faɗa. Aljinet ne, garin da likitocin haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi, daga ciyawar teku ake samo shi. Yana kamawa cikin minti biyu zuwa uku, ba ya zafi, kuma ko ya kama laushi gare shi kamar dafaffen ƙwai, hannu na zarewa salin-alin. Sai a zuba POP a ramin ba da ɓata lokaci ba, domin in ya jima yana shan iska motsewa yake yi. A kyau kam babu wadda ta kama ƙafarsa. Amma ya fi duk sauran tsada, ni sai da na yi saƙo Kano aka kawo mini, sau ɗaya ake amfani da shi a yayyage, kuma in yaron ya yi ta motsa yatsu a cikin minti ukun nan, kuɗi sun tafi. 'Yan yatsun POP ɗin ma saurin karyewa gare su wajen ɓarewa.

Wannan hannun na aljinet ne kuma ya jawo mini magana a gida. Surukata ta gan shi a kan durowa ta tsaya ta ce, "Wanga wane irin aiki na? Mutane na ɓoye sawun ɗiyansu, ke kina ɗauka da hannunki ki aje ma duniya? Kuma na ɗan fari, ko kunya!" Na ce, "Inna, ai na ɗaki ne, ba mai gani." Ba ta gamsu ba, kuma ban ga laifinta ba, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san tsoron da ake yi na a ɗauki sawun mutum. Maigidan kuma ta ɓangaren addini ya duba, ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu wurinsa. Amsar da ya dawo da ita ita ce tafi a jikin faifai alama ce kawai, ba kai ba fuska, amma cikakken hannu a tsaye gara a bar shi, kar ya zama ƙofar mutum-mutumi. Kowa da malaminsa, ki tambayi naki. Ni dai tun daga ranar ban sake yin na aljinet ba, faifan kuma suna cikin akwati a naɗe da tsohon zane, wanda ya fi musu bango lafiya ma.

Jariri sabon haihuwa lissafinsa daban. Watannin farko hannunsa a dunƙule yake, duk abin da ya taɓa tafin sai ya damƙe, kuma wannan ba ya sakin sa sosai sai wajen wata biyar zuwa shida. Kokawa da shi ɓata lokaci ne. In kina son abin tunawa na suna ko na arba'in, ƙafa za ki ɗauka, yana barci bayan ya sha nono, a yumɓu ko kwaɓin fulawa. Ko kuma ki bi hanya mafi sauƙi duka, tawada a takarda mai kauri. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ta isa, a shafa kaɗan, a danna, a wanke. Kar a ce za a yi da kwalli don baƙinsa, na dutsen nan mai ƙyalli dalma ce a cikinsa. Lalle ma a bar shi sai yaro ya girma, domin akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, abin da ba baƙo ba ne a Najeriya, kuma lalle a fatarsu na iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Takarda ba ta da tudu da kwari, gara kuma na sonta, amma in aka sa ta a leda aka ajiye tare da takardar haihuwa tana daɗewa.

Daga wata shida zuwa yaye, hanyar haɗin nan ce kawai nake bi. Daga shekara huɗu, in yaro mai jin magana ne, danna tafi kai tsaye a POP ma ya yi, kuma a wannan shekarun su da kansu suke son a yi, har da rigimar wa zai fara. Gasasshen yumɓu kuwa na ware shi ga manyan lokuta, kamar shekarar da yaro ya shiga makarantar allo, guda ɗaya tak, tunda ba kullum ake roƙon maginiya alfarma ba. In da zaɓin wata ne, Nuwamba ya fi: damina ta ɗauke, sanyin da ke sa yaro ƙin buɗe hannu bai sauka ba.

Kowace kika zaɓa, tun bai gama tauri ba ki ɗauki ƙusa ki kankara suna da kwanan wata a bayansa, na Musulunci da na boko, da wane hannu ne. Kar ki rubuta a jikin yumɓun da za ki zuba POP a kai, a juye zai fito kamar a madubi. Kar kuma ki ce ai za ki tuna. Akwai guda biyu a akwatina da ban rubuta wa komai ba, duka na hannun dama, duka na wajen shekara ɗaya, har yau ta biyun da Auta kowa na rantsuwa mai dogayen yatsun nasa ne.